Baƙon da Ya Zo Neman Malam Maharazu

Duk wanda ya sa babbar riga mai aiki a Illela a shekarun nan, in ka bi diddigi, hannun Junaidu ne ya fara bi ta kanta. Shi ba maɗinki ba ne, allura ma in ya riƙe sai ta soke shi. Mai zane ne. A kawo masa shadda fara tas, ya shimfiɗa ta a kan katako, ya tsoma alƙalamin kara cikin tawada, ya fitar da zanen aska da tambari da dagi, sannan masu surfani su bi layinsa da zare. In riga ta fito ta yi kyau a yabi maɗinki, a yabi alhajin da ya saka, mai zane kuwa ba a cika tunawa da shi ba. Ko da wani ya tuna ya tambaya, amsar Junaidu ɗaya ce, yana sunkuyar da kai: "Aikin Malam na."

Malam ɗin shi ne Maharazu, wanda ya ɗauke shi tun yana ɗan shekara goma sha uku ya koya masa riƙon alƙalami. Haka al'adar sana'ar take a garin, wanda ya koya ba ya cewa shi ya yi, komai ya fito daga hannunsa sai ya jingina shi ga wanda ya koya masa. Sauran masu sana'a sukan riƙe wannan shekara biyu ko uku bayan sun kafa rumfarsu, sannan su saki a hankali. Junaidu bai saki ba. Malam Maharazu ya rasu shekara tara ke nan, amma a bakin Junaidu har gobe shi ke zana rigunan Illela.

Da kasuwa na tafiya, wannan kunyar ba ta cutar da kowa. Alhazan Ƙonni da na Tawa su suka riƙe rumfarsa, kowace Lahadi sukan tsallako da shadda a hammata, su biya da sefa, su koma. Sai aka rufe iyaka a shekarar tamanin da huɗu, ga fari ya haɗu da ita. Wanda ke neman gero ba ya tunanin aska takwas. Shekara guda ta wuce da 'yan watanni Junaidu yana buɗe rumfa da safe, ya share, ya jera alƙaluma, ya zauna yana kallon layin 'yan atamfa da ke fuskantarsa har rana ta faɗi. Kawunsa na Tozai ya riga ya aiko masa sau biyu, cewa in ruwa ya sauka ya zo ga gona, ya bar wasa da tawada. Junaidu ya amsa da to. Tun ranar da ya amsa, abinci ya daina yi masa daɗi, don ya san in ya ajiye alƙalami ya ɗauki hauya yana da shekara talatin da biyar, ba zai sake komawa kansa ba.

Abokinsa Lawwali ne ya zo da labarin. Lawwali akawu ne a sakatariya, ɗan gidan ma'aikata tun kakanni a Sakkwato, mutum ne mai son biro uku a aljihun gaba ko da ɗaya ne ke rubutu. Ya ji sanarwa a rediyo cewa wani kamfanin atamfa a Kaduna na neman masu zane. Abin da ake so biyu ne: samfurin aikin mutum, da takarda shafi ɗaya tak da zai faɗi ko shi wane ne.

Samfuri ba matsala ba ne. Ƙarƙashin katakon aikinsa Junaidu na da tarin takardun buhun siminti waɗanda ya wanke ya goge ya zana, ba don riga ba, don kawai hannu ya ƙi zama. Ba wanda ya taɓa gani sai matarsa. Da ya fito da su, Lawwali ya cire tabarau ya goge ya mayar. Akwai ganyen bado kwance kan juna yadda yake a tafkin Kalmalo. Akwai idon koma ta masunta, an karkata shi har ya zama kamar yana motsi. Akwai albasa da aka yanka biyu, zobe cikin zobe. Suka zaɓi ashirin, wani baduku ya ɗinke su da bangon jar fata, suka zama kundi.

Shafi ɗayan nan ne ya zama bala'i.

Lawwali ya zaunar da shi a ofis bayan an tashi aiki, ya zura takarda a tafireta, ya ɗaga yatsu biyu. "To, hwaɗi. Wane na kai?"

Junaidu ya dubi rufi, ya dubi ƙasa. Mutumin da zai ja layi daga wuyan riga har aljihu hannunsa bai girgiza ba, ga shi an ce ya faɗi sunansa da aikinsa, harshe ya naɗe. Can ya yi gyaran murya ya ce, "Malam Maharazu, Allah shi jiƙan shi, an haihe shi garin Araba..."

Da ya kama wannan hanya sai baki ya buɗe. Ya faɗi haihuwar Malam, da karatunsa, da zuwansa Illela, da yadda ya zana rigar wane da ta wane, da yadda ake tahowa tun daga Tawa don alƙalaminsa. Lawwali kuwa, da ya tashi a gidan da yabon manya ke gaba da gaisuwa, bai ga laifin komai ba, har ƙara gishiri yake yi yana bugawa. Addu'ar da Junaidu ke yi bayan kowane ambaton sunan Malam ce kawai ya ƙi bugawa, wai tana cin wuri, kuma Allah ya riga ya ji ba sai tafireta ta maimaita ba. Suna cikin haka takarda ta zo ƙarshe. Labari ya kai shekarar da Malam ya je Makka, bai kai ga rasuwarsa ba.

"Shahi guda anka ce," in ji Lawwali. "Doka doka ta."

Ya matsa can ƙasa inda ya rage wuri kamar faɗin yatsa, ya buga: Wanda ya aiko, Junaidu. Suka kai gidan waya, kowa ya tafi gida yana ganin an yi aiki mai kyau.

Mako biyar shiru. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa, manoma sun fara gyaran gona. Junaidu ya riga ya ɗaure rabin alƙalumansa cikin tsumma.

Ranar wata Lahadi, kasuwa ta cika ta batse, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, sai ga Lawwali ya faɗo rumfa yana haki, hula a hannu.

"Tashi! Mutumin Kaduna ya zo. Da mota, fijo hwara."

Junaidu ya miƙe. "Ina shi ke?"

"Gidan Malam." Lawwali ya haɗiye miyau. "Malam yaz zo nema. Tun tasha shi ka tambaya ina gidan Malam Maharazu mai zane, wai shina son ganin shi ido da ido. Mutane sunka ɗauka ta'aziyya ta ta makara, sunka raka shi har zaure."

Junaidu bai san lokacin da ya ratsa kasuwa ba. Ya bi ta 'yan albasa, ya bi ta 'yan tumaki, ana gaishe shi ba ya ji. Da ya isa, ƙofar zauren ta riga ta tara jama'a, don a Illela farar mota ba ta tsayawa ƙofar gida mutane su wuce abinsu. Ya kutsa ya yi sallama.

Baƙon na zaune kan tabarma, mutum ne dogo mai furfura kaɗan a gemu, kundin jar fata a kan cinyarsa. Sunansa Malam Mukhtari, shi ne shugaban masu zane a kamfanin. Wani aiki ne ya kawo shi Sakkwato, ya ce ba zai koma ba sai ya ƙarasa Illela ya ga mai wannan hannu. A gefe guda kuma, bakin ƙofar shiga gida, Inna Yelwa ce zaune kan kujerar tsugunno, matar marigayi, tsohuwa ƙarama mai kaifin ido, wadda ta ciyar da Junaidu tuwo shekara goma sha uku. Fuskarta kawai ya kalla ya san yau akwai magana.

Aka gaisa. Malam Mukhtari ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, ko da ta makara shekara tara. Sannan ya juyo.

"Kai ne Junaidu da ya aiko?"

"Ni na, ranka shi daɗe."

"To, Malam Junaidu, ba zan ɓoye maka ba, na yi murna da na ga kundin nan, kuma yanzu na yi baƙin ciki. Kundi sama da ɗari aka aiko mana, wannan na ware. Na taho da niyyar in ɗauki mai shi. Sai na tarar Allah ya riga ya karɓi abinsa." Ya shafa bangon fatar. "Mu ba tsohon zane muke saye ba, komai kyansa. Hannu muke nema, mai rai, wanda zai zana mana na bana da na baɗi. Amma bari in tambaya don in tabbata. Waɗannan duka aikin wane ne?"

Ga ƙofa a buɗe, ba abin da ya rage sai ya taka ya shiga. Lawwali na tsaye bayan baƙo yana ta zare masa ido yana nuna ƙirji da yatsa. Junaidu ya ga idon masu surfani uku a bakin zaure, tsofaffin da suka yi zamani da Malam. Ya ji maganar ta taso har maƙogwaro. Sai kansa ya sunkuya da kansa, kamar yadda ya saba shekara da shekaru.

"Aikin Malam na."

Wallahi da za a ba mutum izinin ya mari wanda yake ƙauna, da Lawwali ya yi a ranar. Malam Mukhtari ya gyaɗa kai, ya rufe kundin, ya miƙa masa da hannu biyu, ya fara laluben takalmi.

"Miƙo nan in gani."

Inna Yelwa ce. Ba ta ɗaga murya ba. Junaidu ya matsa ya durƙusa ya ba ta. Ta ɗora kundin a gwiwa, ta lashi yatsa, ta buɗe shafin farko, ta kawo shi kusa da ido. Ta buɗe na biyu. Zaure ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar takardar siminti. Ba ta yi sauri ba, sai da ta bi ashirin ɗin ɗaya bayan ɗaya, baƙo na tsaye da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Junaidu."

"Na'am, Inna."

"Mi Malam yay yi maka?"

Ya ɗago a firgice. "Alheri, Inna. Ba abin da yay yi min sai alheri."

"To don mi kaka yi mai ƙarya shina kwance?"

Jama'ar bakin ƙofa suka yi wani irin motsi. Junaidu ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

"Shekara arba'in ni ad da dama mai tawada. Na san hannunai awa yadda nis san tahin hannuna. Mai gidan ga layi miƙaƙƙe gare shi, in ya ja aska sai ka ce da zare anka gwada. Bai taɓa lanƙwasa layi haka ba, bai iya ba, kuma bai ɓoye ba." Ta juya kundin ta nuna wa baƙo wani shafi, zane ne na ƙasa da ta bushe ta tsattsage, kowace tsaga na bin 'yar'uwarta. "Malam baƙo, ka san mi na na wanga? Bakin tabkin Kalmalo na, bara, da ruwa yaj ja baya. Bara! Wanda ya shekara tara cikin ƙasa, shi yat tashi yaz zana hwarin bara?"

Malam Mukhtari ya cire takalmin da ya sa, ya koma ya zauna.

Ita kuwa ba ta gama ba. Ta juyo kan Junaidu. "Mutumin ga tunda nike da shi bai taɓa ɗaukar allurar wani ba. Riga in ba shi yaz zana ba, ko an yaba mai sai ya ce ba tashi ba ce. Yanzu kai ka kwashi kayanka ka ɗora mai, ka aika har Kaduna, a ce nashi na. Kai kana ganin ladabi na. Ni kau abin da nig gani, ka sa shi amsa yabon abin da bai yi ba, shi da ba shi da bakin da za shi ce a'a. In kunya ka ka ji, ji kunyar wagga."

Junaidu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Bai taɓa kallon abin ta wannan fuska ba, ko sau ɗaya. Shi a ransa kyauta yake kai wa kabarin Malam duk ranar da ya ce aikin Malam ne. Hawaye suka cika masa ido, na kunya da na kewar mutumin, har da wani sauƙi da bai san daga ina ya zo ba.

Baƙon ya bari aka ɗan numfasa, sannan ya ce, "Inna, na gode, kin hutar da ni. Amma Malam Junaidu, ka yi haƙuri, ba zan ɗauki mutum da bakin wani ba, ko da bakin uwa ne. A wurinmu kullum za a ɗaga zane a ce wa ya yi, me ya sa ya yi haka, a gyara ko a bari. In mai shi ba zai amsa ba, aiki ya tsaya. An ba ni wuƙa da nama a kan wannan, amma takardar da ke hannuna ta wani ce. Zan shiga kasuwa, in yi azahar, in ci abinci. Da la'asar zan kama hanya. In akwai wata takarda kafin nan, zan saurara."

Ya fita, jama'a suka buɗa masa hanya.

Ranar Lahadi ce, sakatariya a rufe, tafireta na ciki. Lawwali ya zaro biro ɗaya cikin ukun, ya ce shi zai rubuta, har ya fara jero yadda za a buɗe: sunan uba da na kaka, da unguwar da aka fito, da "shahararre" da "gwanin gwanaye". Inna Yelwa ta ce ya mayar da bironsa aljihu, shi ya jawo wannan tun farko. Ta shiga ciki ta fito da kwalbar tawada da alƙalamin kara da farar takarda guda, ta ajiye gaban Junaidu. Boko bai zauna masa sosai ba, amma ajami a hannunsa kamar zane yake.

Ya riƙe alƙalami ya fi minti goma bai ɗiga komai ba.

"Inna, ban san ta inda za ni hwarawa ba. In na ce na iya, sai in ji awa maroƙi ni ke ma kaina."

"Wa yac ce ka yi kirari? In baƙo yat tsaya rumhwarka yac ce mi ka ka yi nan, ƙarya ka ka yi mai?"

"A'a."

"To hwaɗa mai abin da ka ka yi. Abin da ka iya ka ce ka iya, wanda ba ka iya ba ka ce ba ka iya ba. Malam kau ka ba shi layi guda, haƙƙinai na, kada ka ƙara mai kada ka rage."

Ya rubuta layin farko ya tsaya ya dube shi, kamar yana jiran rufin zaure ya faɗo. Rufi bai faɗo ba. Ya rubuta na biyu. Wajen na huɗu ya soke wata kalma da ya ga ta yi girma, wajen na shida Inna ta sa ya mayar da wata da ya soke don ta yi daidai. Aka kira azahar, ya je ya yi salla ya dawo ya ci gaba. Abincin da aka kawo masa ya huce a kwano.

Kafin la'asar labari ya gama kasuwa. Da Malam Mukhtari ya dawo, mutanen da ke ƙofar zauren sun ninka na safe, har da masu surfani da 'yan atamfa da suka bar rumfunansu a hannun maƙwabta. Junaidu ya miƙa takardar. Baƙon ya duba ya yi murmushi, ya mayar masa.

"Ajamina ba ya sauri. Karanta mini."

A gaban kowa ke nan. Junaidu ya dubi ƙofa, ya ga fuskokin da ya sani tun yana yaro. Ya miƙe tsaye, ya riƙe takardar da hannu biyu, ya fara da murya ƙasa-ƙasa.

"Sunana Junaidu, mai zane, Illela. Shekara ashirin da biyu ina riƙe da alƙalami. Na koya ga Malam Maharazu, Allah shi jiƙan shi, shi yak koya min miƙe layi da tsabtar aiki."

Ya tsaya. Layin da ke biye shi ne dutsen. Ya ja numfashi.

"Zane ashirin da ke cikin kundin ga, ni niy yi su. Dut."

Ba wanda ya yi tari. Ɗaya daga tsofaffin masu surfani, wanda Junaidu ya fi jin tsoron idonsa, ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Gaskiya ta." Daga nan murya ta buɗe, har na bayan taro suna ji.

"Ba ni ɗaukar zane ga littahi. Abin da nig gani shi ni ka zanawa: bado, da koma, da albasa, da ƙasa in ta bushe. In za ni zana riga, sai na ga mai ita tukuna, don zanen dogo ba shi yi ma gajere. Ban taɓa aikin atamhwa ba, inji kau ban san shi ba, sai an koya min. Amma rumhwata tana kallon layin 'yan atamhwa, shekara goma sha ɗaya ina ganin turmin da mata ka tsayawa su taɓa, da wanda su ka wucewa ba su waiwaya ba. Na san abin da ka tsai da su. Ina gama zane guda cikin kwana ukku, in an ce a gyara ba ni fushi. Mai nemana shi zo kasuwar Illela, shi tambayi rumhwar Junaidu."

Ya sauke takardar. Bai san inda zai sa idonsa ba, sai ya sa su a kan baƙon, abin da bai yi ba tun safe.

Malam Mukhtari ya miƙa hannu, Inna ta ba shi kundin. Ya buɗe shi, ya tsaya kan zanen albasa, ya ɗaga shi sama. "Wannan, me ya sa zoben waje ya fi na ciki kauri?"

"Don in an hango daga nesa shi za a hwara gani," in ji Junaidu, ba tare da ya yi tunani ba. "Na ciki na wadda tam matso kusa na."

"In na ce a rage shi fa?"

"Sai in rage, ranka shi daɗe. Amma za ya lalace."

Dariya ta ɓarke a bakin zaure, baƙon ma ya yi har da buga cinya. Ya karɓi takardar ajamin, ya sa ta a farkon kundi, ya rufe.

"Yau shekara goma sha biyar ina karanta irin waɗannan takardu," ya ce. "Wani ya ce shi ne gwanin Arewa, wani ya jero mini kakanninsa har bakwai. Kai ne na farko da ya gaya mini abin da bai iya ba, kuma shi ya sa na yarda da sauran. Ranar Litinin ta sama ka same ni a Kaduna. Wata uku za ka yi ka ga yadda inji ke ɗaukar zane. Bayan nan ka dawo rumfarka, don ban ga amfanin raba ka da layin 'yan atamfan nan ba, ka riƙa aiko mana duk wata. Ka yarda?"

Junaidu ya so ya amsa da kalmomi masu yawa, guda ɗaya ce ta fito. "Na yarda."

Murna ta kama shi tun daga tafin ƙafa. Ba zai tafi Tozai ba. Alƙaluman da ya ɗaure cikin tsumma yau zai kwance su. Lawwali ya rungume shi yana faɗa wa duk wanda ke kusa cewa shi ya fara jin sanarwar a rediyo, kuma ba wanda ya tuna masa da sauran abin da ya yi. Masu surfani suka shigo ɗaya bayan ɗaya suna ba shi hannu. Aka raka baƙo har mota, ya tayar, ya kama hanyar Sakkwato.

Da Junaidu ya dawo zaure don ya yi wa Inna godiya, ya tarar ta miƙe tsaye, ta dafa bango da hannu ɗaya. Ya durƙusa, bai kai ga buɗe baki ba tsohuwar nan ta toshe hanci da yatsu ta rangaɗa guɗa, doguwa, mai kaifi, irin wadda ba a zaci ƙirjinta na da sauran ƙarfinta ba. Ta ja numfashi ta sake wata. Matan maƙwabta suka fara leƙowa ta kan katanga, wasu da muciya a hannu.

"Inna Yelwa, lahiya? Haihuwa anka yi ko amre?"

Ta goge ido da bakin zane.

"Ko guda babu," ta ce. "Junaidu na yab buɗe baki yaf faɗi sunanai."